Ɗan Gari

Ƙarfe uku na dare a El Ejido
injin na hura leda sama,
doguwar kumfa mai tsayin bene hawa uku,
tana rangaji, ba ta faɗuwa.
Eusebio na ƙasa da gahawar da ta huce,
yana kallonta yadda ake kallon ɗan maƙwabta a kan katanga.

Daren Laraba bututun gari ya toshe.
Ba wanda ya ji.
Ledar ta fito garau, ta fi ta kullum kyau,
har ya ɗaga ta ga fitila
ya ƙirga zanen yatsunsa ta cikinta.
Naɗi goma sha ɗaya.
Da safe aka zo warwarewa, suka ƙi.
Fuska ta kama fuska, ko farce bai sami ƙofa ba.
Da aka matsa, sai kukan yagewa.

Casilda ta sauko daga ɗakin awo,
tabarau a goshi, biro a gashi.
Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo.
Ta yanko faɗin tafin hannu daga ta jiya,
ta yanko daga ta shekaranjiya,
ta ce, zo ka leƙa.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma
ta shekaranjiya ƙasa ce mai tuddai,
tsibi nan, tsibi can,
iska na ratsawa kamar awaki a kwazazzabo.
Ta jiya kuwa fetal,
babu inda iska za ta tsuguna.
Ta ce, santsi biyu in sun haɗu ba sa sakin juna,
sai an sa musu abin tokarewa.

Abin tokarewar farin gari ne,
ƙwaya goma a jere ba su kai kaurin gashi ba.
Ƙwarangwal ne na wasu mitsi-mitsin halittun ruwa
da suka mutu tun teku na kwance
inda duwatsu ke tsaye yau.
An haƙo, an niƙa, an tankaɗe.
Cokali guda ga bokitin roba.
Da ɗan gari akan ci gari, in ji masu magana;
a nan ɗan garin a buhu yake zuwa, da lamba a gefe.

In ya gaza, mannewa.
In ya zarce, ledar ta yi dishi-dishi kamar idon tsoho,
mai shago ya maido ta don ba a ganin burodinsa.
Shekara goma sha tara
Casilda na zaune a ɗan siririn tsakanin nan
da sikeli da littafi mai maiƙo a kusurwa.

Amma akwai mai biyan kuɗi don dishi-dishin.
Kawunsa Fulgencio, mai rumfar tattasai a hanyar teku,
ba ya son garau.
Garau, in ji shi, ta toya masa ganyen sama
ta bar na ƙasa a duhu.
Shi sai wadda aka cika wa farar ƙasa,
mai farfasa rana ta raba wa kowane ganye nasa,
ta kuma riƙe ɗumin yini
a daren Janairu, in sanyi ya gangaro daga dutse.

Naɗi sha ɗayan nan an mai da su tukunya.
An cire masa rabin ladan wata.
Yanzu duk awa biyu yakan hau tsani
ya ƙwanƙwasa bututun da ƙotar sukudireba,
ya kasa kunne ya ji zubar garin,
siii, kamar yashi a mazurari.

Da asuba, a shagon Amparo,
ya ɗauki leda don burodi biyu,
ya murza bakinta da babban yatsa.
Ta buɗe.
Ya tsaya riƙe da ita.
Amparo ta ce, lafiya?
Ya ce, lafiya lau. Ƙara mini ɗaya.